Yadda muka sayi Kanta mara bodi, da abin da sikeli ya gaya mana

Injin casar shinkafarmu yana Kura, kan hanyar Zariya, kuma shekara da shekaru kuɗin mota ne ke cinye mana riba fiye da komai. Duk buhun da zai tafi kasuwar Singa ko Dawanau sai mun biya wani ya kai. Duk shansherar da muka saya a Kadawa ko Bunkure ko can wajen Haɗeja sai mun biya wani ya kawo. Bayan an cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, litar dizal ita ma ta haura naira dubu, sai masu mota suka shiga ƙara kuɗi kusan duk sati. Ban ga laifinsu ba, su ma saya suke yi. Abin da ya kai mu bango shi ne wata rana cikin damina da muka fito da buhu 60 bakin ƙofa muna jiran mai motar da ya yi mana alƙawari. Ashe ya sami lodin da ya fi namu tsoka, ya kashe wayarsa. Hadari ya taso, muka mayar da kayan ciki da gudu, mai sayen kuma ya sayi ta wani. Bayan sallar isha'i Baba ya kira ni, ya ce, "Gobe ka fara nemo mana mota."

Ban je wajen dillalai ba tukuna. Na fara da littafin ajiyar lissafi. Na koma baya wata shida ina fitar da kowace tafiya: buhu nawa, daga ina zuwa ina, nawa muka biya. Sai na ga yawancin odarmu tsakanin buhu 50 ne zuwa 80 na shinkafa mai kilo 50. Lodin tirela bai fi sau biyu ba a wata shidan. Hakan ya kore mana abu biyu nan take. Ƙaramar a-kori-kura ba za ta yi ba, domin tan ɗaya take ɗauka, wato buhu 20. Babbar mota mai taya goma ma ba za ta yi ba, don rabin rayuwarta fanko za ta riƙa yawo, kuma duk wanda ya san lungunan Singa ya san ba za ta juya a ciki ba. Abin da ya rage shi ne ajin Kanta ta Mitsubishi da Daina ta Toyota da Isuzu, masu taya shida.

Bakaniken da ke duba mana janareta da motar gida dattijo ne, ya yi shekara fiye da talatin a ƙarƙashin irin waɗannan motocin, Malam muke ce masa. Shi ya ba ni shawarar in nemi kai da shasi zalla, wato motar da ba a ɗora wa bodi ba. Na ce, "Malam, ai wannan aiki biyu ne, ga sayen mota ga ginin bodi." Ya ce aiki biyun ya fi sauƙi a kan ka sayi motar 'yan fiya wata da aka yi wa sabon fenti. In akwai bodi, ba ka ganin saman shasi, ba ka ganin inda aka yi faci, kuma bodin da aka gina don jarkokin wani ko yashin wani ba lallai ya dace da buhunka ba. In babu bodi, komai a fili yake kamar naman da aka rataye a mahauta.

Ta farko da muka gani a nan Kano take, fara sol, an wanke ta har tayoyin suna ƙyalli. Dillalin ya tare ni da fara'a: "Yallaɓai, wannan tan biyar ce cur, ka zuba mata buhu 120 ko gezau ba za ta yi ba." Ni har na fara lissafin riba a zuci. Malam bai ce komai ba, ya zagaya gaba ya tsaya yana kallon gilashi. Ya ce in duba waifa. Duka biyun sun kwanta ne ta yadda suke share ɓangaren dama sosai su bar kusurwar hagu, inda direba yake zaune yanzu. Sandar sigina tana hannun dama na sitiyari. Da aka ɗaga kan motar, ya haska tocila inda akwatin sitiyari ya kama shasi: farantin ƙarfe ne aka yanka aka yi masa walda, an shafe da baƙin fenti, bututun birki kuma an yi musu ƙari da haɗi biyu-biyu. Motar kasuwar Japan ce, mai sitiyari a dama, aka juya ta. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun watan Afrilun 1972, saboda haka duk motar da ta zo da sitiyarin dama sai an mayar da shi hagu. Akwai masu yin aikin da kyau. Wannan ba ta faɗa hannunsu ba. Injinta 4D33 ne, mai lita 4.2, ba turbo, irin wanda ko bakaniken ƙauye zai kwance ya ɗaura, kuma na ji zafin barin ta. Amma Malam ya ce shi ba zai sa hannu a motar da sitiyarinta ya dogara da waldar wanda bai sani ba, tana saukowa da tan uku a baya.

A wajen wannan motar na fara gane rikicin da ke cikin kalmar "tan". Mutanen Japan in sun ce mota tan biyu ce, kayan da za ta ɗauka suke nufi. Shi ya sa a bayan bodin motocinsu za ka ga rubutunsu sannan 2000kg ko 3000kg. Turawa kuma in sun ce tan 7.5, nauyin komai da komai suke nufi: motar, bodinta, mai, direba, da kaya. Dillalinmu na nan yakan ɗauki duk lambar da ta fi girma ya ce ita ce lodi, wani lokacin ma ya ƙara mata kunne.

Ta biyu a hoto da bidiyo na gan ta, wani ɗan uwanmu da ke Legas ya je ya duba. Kanta ce ta zamani daga Turai, an rubuta 7C15 a ƙofarta. Bakwai ɗin yana nufin ajin tan 7.5, sha biyar ɗin kuma ƙarfin doki 150. Injin 4P10, lita 3 kacal amma ya fi tsofaffin ƙarfi, giyar Duonic mai canza kanta, ga tankin ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi, ga matatar hayaƙi a jikin salansa. Ciki kamar ofis. Mota ce mai kyau ƙwarai a inda aka yi ta dominsa. Malam ya kalli bidiyon sau biyu, ya miƙo min wayar, ya ce, "Wannan da kwamfuta ake yi mata magana, ni kuma sifana gare ni." Ya tambaye ni inda direbanmu zai sha mai in dare ya yi masa a ƙauyukan Haɗeja. Amsar ita ce wajen masu jarka a bakin titi, kuma dizal ɗin da ya sha ruwa ko kananzir yana iya kashe injektocin irin wannan injin a tafiya ɗaya. Na ajiye maganarta ina waiwaye.

Na kuma leƙa wajen masu sayar da sababbi. JAC da Foton duk suna zuwa kai da shasi, dal a leda, sitiyarin hagu tun daga masana'anta, da garanti. Da kuɗin hannunmu ya kai da na tsaya na yi tunani sosai, domin motar da ba wanda ya taɓa wahalar da ita daban take. Sai dai cikon sai an ci bashin banki, Baba kuma ba ya taɓa kuɗin ruwa. Maganar ta mutu a nan.

Kafin in ci gaba da yawo na yi wani abu da nake ganin ya fi duk kallon mota amfani. Na rubuta kaya biyar a takarda: farantin kuloci, takalmin birki, nozul, matatar mai, da uwar sifirin. Na shiga Ƙofar Ruwa ina tambaya shago-shago, ina canza sunan inji. In na ce 4D34 ko 4D33 na Kanta, ko 4HF1 na Isuzu, kafin in rufe baki yaro ya ɗauko, har a tambaye ni sabo nake so ko na Beljiyam. In na ce 4P10, sai mai shago ya ɗauki waya ya ce bari ya tambaya a kasuwar Ladipo ta Legas, in ba da kwana uku. Motar aiki in ta kwana uku a gareji, albashin direba bai tsaya ba, kuma mun koma hannun masu haya.

Ta uku wani abokin Yayana ne ya kai mu. Tana can ƙarshen wani fili, ƙura ta rufe ta, ba wanda ya damu ya wanke ta. Kanta ce ƙirar FE659, wadda Turawa ke kira Canter 75, irin waɗanda ake harhaɗawa a Tramagal ta ƙasar Fotugal don kasuwar Turai, saboda haka sitiyarinta na hagu na asali ne. Injin 4D34 mai turbo, lita 3.9. Da akwatin sanyi ta shigo, mai ita ya cire shi ya sayar wa wani mai kifi, ya bar ta tsirara. Ana ganin ramukan da aka ɗaure tsohon bodin da su.

Malam ya ce a bar mana ita sai da safe, kada kowa ya taɓa makulli. Washegari muna zuwa ya zura hannu ta ƙarƙashin kai ya dafa injin, ya ji ɗumi. Yaron wajen ya ce wai matsar da ita ya yi don wata ta fita. Malam ya yi murmushi ya ce, "To Allah ya kai mu gobe." Rana ta uku muka yi sallar asuba a masallacin unguwar muka tsaya a bakin ƙofa har mai gadi ya buɗe. Lokacin sanyi ne, ƙarfen yana cizon hannu. Murɗa ɗaya ta ɗauka. Farin hayaƙi ya fito na ɗan lokaci ya washe, ba shuɗi a ciki. Da shuɗi ne da ta nuna tana cin baƙin mai, da kuma farin ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi da sai a fara zargin ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Aka ɗaga kan gaba. Malam ya kwance murfin wajen zuba baƙin mai, ya kifa shi a bakin ramin ba tare da ya murɗa ba, injin yana aiki. Murfin ya riƙa rawa a hankali yana ƙara kaɗan-kaɗan, amma bai tashi ba. Ya ce in sa tafin hannuna a saman ramin. Na ji ɗan numfashi mai ɗumi, ba bugu ba. Ya ce da ringi sun mutu, da iskar da ke tserewa ta gefen fistin ta cilla murfin ƙasa, hannuna kuma ya jiƙe da mai. Tun kafin a tayar da ita ya buɗe murfin lagireto, yanzu ya tsuguna yana kallon ruwan minti biyar cur yana jiran kumfa. Ba ta fito ba. Da aka kashe, ya cire robar da ke shiga turbo, ya kama sandar tsakiya da yatsa biyu ya girgiza. Akwai ɗan motsi gefe da gefe, babu gaba da baya, fukafukan ba su taɓa jiki ba. Agogon kilomita kuwa ko kallonsa bai yi ba. Robar fedar kuloci ya duba, da gefen kujerar direba, da santsin sitiyari, ya ce ta yi tafiya amma ba a wulaƙanta ta ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne shasi, don shi muka zo saya. Malam ya fito da igiyar magina daga aljihu. Na riƙe bakinta a maƙalin sifirin na gaba ta hagu, ya ja zuwa maƙalin baya ta dama, ya ƙulla alama. Muka juya, gaba ta dama zuwa baya ta hagu. Alamar ta faɗi wuri ɗaya. Da motar ta taɓa faɗuwa ko an buge ta ta karkace, da igiyar ta tona. Sannan ya bi dogayen ƙarafan biyu daga kai har wutsiya yana shafawa da hannu, yana neman layin walda, domin akwai masu yanka mota biyu don ta shiga kwantena, in ta iso a haɗe. Babu. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa taku-taku. Ƙarfe mai lafiya ƙararsa tana fita tas. Da ya zo kan ƙarfen da ya gitta na ƙarshe, can bayan tayoyin baya, sai ƙarar ta mutu, ɓawon tsatsa ya zubo kamar ɓawon gyaɗa. Ya danna sukudireba ta shige. A Turai gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, tayoyin baya su yi ta fesa shi a wannan wurin shekara da shekaru. Sa'armu ita ce tsatsar ba ta kai dogayen ƙarafan ba, kuma wannan guntun da ƙusa aka ɗaure shi, ana iya cirewa a sa wani.

Sauran na ƙasa ba su ɗauki lokaci ba. Ganyen sifirin duk na asali ne, ba ƙari ba karaya. Farfela ba ta da wasa. Da aka sa jak aka ɗaga gaba, tayar dama ta yi ƙwas-ƙwas in an kama ta sama da ƙasa an girgiza, kinfin, wato sandar da tayar gaba ke juyawa a kanta, ya ci. Tayoyin suna da zane mai kyau a ido, amma lambobi huɗun ƙarshe da ke gefensu, masu nuna sati da shekarar da aka yi su, sun ce huɗu daga ciki sun haura shekara goma. Kuma masu wili 17.5 ne, ba 16 da kowane mai faci a ƙauye yake da ita ba. Duk na rubuta a takarda da kuɗin gyaransu a gefe.

Lambar shasi an buga ta a jikin ƙarfen. Na goge wurin da tsumma da fetur, na ɗora farar takarda na shafa fensir har haruffa da lambobi 17 suka fito, na gwada da farantin da ke cikin kai, na gwada da takardun kwastan. A watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka takardar da ba ta nuna tashar ruwa ba abin tsoro ce. Tata ta nuna Tin Can a Legas. Duk da haka sai da na kai kwafin ofishin kwastan aka tabbatar min an biya.

Tuƙin gwaji a kan titin bayan gari muka yi. Duk wanda bai taɓa hawa shasi tsirara ba ya shirya ƙugunsa, don sifirin da aka yi wa tan biyar in ba komai a kansa tsalle yake yi kamar ɗan akuya, kuma birki kaɗan za ka taka tayoyin baya su ja ƙasa. Malam ya sa babbar giya tana tafiya a hankali ya take totur har ƙasa. Injin bai yi ihu ya bar motar a baya ba, kuloci yana kamawa ke nan. A kowace giya ya riƙa sakin totur farat ɗaya ya ga ko za ta fita da kanta. Ya ja sandar birkin salansa, motar ta yi gurnani ta rage gudu. Amma ya gaya min gaskiya cewa mota fanko ba ta nuna halinta. Don haka na roƙi wani direba da ke ɗaukar mana kaya, mai irin wannan injin, na bi shi yini guda da lodi. Muka cika tanki har baki a Kura, muka je Singa, muka wuce Dawanau, muka dawo, muka sake cikawa a famfo ɗaya. Ya kama kusan kilomita shida da rabi a lita, rabin tafiyar da kaya rabi fanko. Da wannan na yi lissafin kuɗin kai buhu ɗaya, ba da abin da dillali ya faɗa ba.

Saura abu ɗaya, kuma a kansa muka kusa ɓatawa da mai motar. Na ce sai na kai ta sikeli. Ya ce shekararsa ashirin yana sayar da mota ba a taɓa auna masa ita kamar tunkiya ba. Na ba da kafin alƙalami, yaronsa ya shiga tare da mu, muka kai ta wani babban injin shinkafa da ke da sikelin auna tireloli. Kowa ya sauka. Da rabin tanki, allon ya nuna kilo 2,580.

Farantin cikin kai yana da layuka huɗu na nauyi. Na farko 7500, iyakar motar da duk abin da ke kanta. Na biyu in tana jan wani abu a baya. Biyun ƙarshe iyakar aksul ɗin gaba da na baya, na bayan kusan ninki biyu na gaban. Na zauna a bakin sikelin na cire 2,580 daga 7,500, saura 4,920. Tan biyar ɗin dillalai ke nan, ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, sai dai wannan lissafin motar da ba ta da inda za a ajiye buhu ne. Mai walda ya riga ya ba ni ƙiyasi biyu. Bodin ƙarfe zalla, daɓen faranti mai kauri da dogayen bango, kusan kilo 1,300. Ƙashin ƙarfe da daɓen katako da shinge mai tazara, kusan 950. Direba da yara biyu da cikon tanki da safaya da jak da tamfol na sa musu 300. Da bodi mai nauyi za ta ɗauki buhu 66, da mara nauyi 73. Buhu bakwai a kowace tafiya har ƙarshen rayuwar motar, saboda kaurin faranti kawai.

Da na kai wa Baba takardar da daddare, ya sa tabarau ya karanta, ya cire. Ya ce, "Kantar gidan Alhaji na can gaba buhu 120 take kwasa, da idona nake gani." Na ce, "Haka ne Baba, ni ma ina gani." Na tuna masa cewa an ƙara mata ganyen sifirin har sun kusa kai goma sha biyar, an yi wa shasinta faci da faranti a bayan kai, kuma sau biyu a bara muna wuce ta a Kwanar Dawaki an cire tayar baya ana jiran bakanike. Ƙarin ganye yana hana mota durƙusawa ne kawai. Birkin yana nan yadda yake, boris ɗin aksul yana nan, taya tana nan, kuma su ne za su tsayar da tan goma in ɗan acaɓa ya faɗo gabanta a Na'ibawa. Na buɗe masa littafin: a wata shida tafiya tara ce kawai ta haura buhu 73. Ya yi shiru. Can ya ce, "Kai dai ka cika lissafi. A saya."

Takardar gyare-gyaren ta yi aiki a wajen ciniki. Kuɗin taya huɗu da kinfin da ƙarfen baya muka nemi a cire, aka yi ta ja, a ƙarshe aka raba, ya sauko da fiye da rabi. Aka biya la'ada, aka rubuta yarjejeniya da shaidu, aka yi addu'a.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe garejin walda ma sai an tsaya a kai. Ranar farko na tarar ogan ya jera ƙarafan bodi kai tsaye a kan shasi, yaronsa ya ja waya zai fara liƙawa, batir ma ba a cire ba. Na ce, "Oga, don Allah dakata, bari Malam ya zo." Ya ce shi haka yake yi wa kowa. Malam ya zo ya yi masa bayani cikin girmamawa, su biyun tsara ne. Shasi lanƙwasa yake yi yana murɗawa a hanyar gona, haka aka yi shi. In ka liƙe bodi a jikinsa ka hana shi motsi, kuma zafin walda yana kashe ƙarfen, nan gaba a daidai wurin zai tsage. Ba a kuma huda leɓen sama ko na ƙasa. Aka sake tsari: ƙaramin shasi na canel a sama, siririn katako mai tauri a tsakani, a ɗaure da ƙusoshin nan masu siffar U, a sa guntun katako a cikin shasin daidai kowace ƙusa don kada ta matse shi. Aka bar tazara a bayan kai yadda zai ɗagu ba tare da ya bugi bodi ba, aka bar hanyar bakin tanki da ta batir.

Sai rigimar tsawo. Tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 3,350 ne, wanda ya dace da bodin ƙafa 14. Yayana ya so a yi 17, ya ce shanshera ba ta da nauyi, wuri take ci. Gaskiyarsa ta wannan fuskar, buhun shanshera ƙato ne. Amma duk abin da ya zarce tayar baya da yawa yana zama kamar mutum ya zauna a ƙarshen benci: gaba ya yi sama, sitiyari ya yi sako-sako, aksul ɗin baya ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ko da jimillar ba ta kai 7,500 ba. Muka tsaya a 14, aka yi shingen ƙari na sama mai cirewa. Ranar shanshera a ɗora, ranar shinkafa a sauke.

Sati uku aka yi. Da aka gama na mayar da ita sikelin nan, ta nuna 3,600 daidai. Bodin ya zo 1,020, ya ɗara ƙiyasi da kilo 70, saboda ogan ya ƙara ƙarfe a ƙofar baya, ban kuma yi masa musu ba. Buhu ɗaya ya tafi, saura 72. Lamba mai jan rubutu ta motocin haya, takardar lafiyar mota, inshora, na'urar taƙaita gudu da jami'an kiyaye haɗurra suka fara tilasta wa motocin kasuwanci tun Fabrairun 2017, da tef mai ƙyalli a baya da gefe, duk suka ci wani satin. Mai fenti ya tambayi abin da za a rubuta. Baba ya zaɓi na goshi. Ni kuma na sa ya rubuta "BUHU 72" da jan fenti a cikin bodin, daidai inda masu lodi ke fuskanta.

Odar farko buhu 80 ce zuwa Singa. Baba ya sa aka kawo masa kujera bakin ƙofa, yana ƙirgawa da carbi. Na tsaya a kan a fara jerawa daga gaba, a baje su daidai, kada a tara a wutsiya. Da aka kai 72 masu lodi suka tsaya da na gaba a kafaɗa suna kallonsa. Ya tashi, ya zagaya, ya sunkuya ya leƙa sifirin, ya ga bai ko miƙe ba. Ya ce, "Akwai sauran wuri fa." Na ce, "Akwai, Baba." Direban ya sunkuyar da kai yana goge madubin da ba datti a jikinsa. Baba ya dubi jan rubutun, ya dube ni, ya ce a ɗaure tamfol. Buhu takwas ɗin da suka rage da yamma suka tafi, a saman lodin Dawanau mai buhu 55, Malam kuma ya zo bayan sati ya sake ɗaure ƙusoshin bodin, don katakon ya zauna sun yi sako-sako.